Yadda na fitar da ranakun ritayar ma'aikatanmu a Excel, da wuraren da na yi tuntuɓe

Ni magatakarda ne a sashen kula da ma'aikata na wata ƙaramar hukuma. A watan Nuwamban 2024 shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa ya ce kwamitin tantance ma'aikata zai zo nan da mako uku, kuma suna son jerin sunayen duk waɗanda za su yi ritaya a 2025, kowa da shekarunsa na haihuwa da shekarun da ya yi yana aiki. Na ce, "To ranka ya daɗe, za a yi." A raina gani nake aikin yini biyu ne. Ka'idar kowa ya san ta: ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Sunayen kuma suna nan cikin wani fayil na Excel da wanda na gada ya bari, mutum ɗari huɗu da 'yan kai, da ranar haihuwa a layin B, ranar ɗaukar aiki a layin C. Sai dai aikin ya ci min kwana goma sha tara, kuma saura kaɗan in raba wani dattijo da albashin wata takwas. Shi ya sa nake rubuta abin da ya faru daki-daki, don wanda aka ɗora wa irin wannan aiki ya tsallake ramukan da na faɗa.

Ranar farko babu wuta a sakatariya, janaretan ofis kuma ba mai, don lokacin litar fetur ta haura naira 1,000. Na kwafe fayil ɗin a filash na tafi gida da shi, na yi aikin a kwamfutar ƙanena bayan isha'i. Abin da na sani kawai na yi: na cire shekara daga shekara, wato =2025-YEAR(B2), na ja shi har ƙasa, na yi wa layin C haka. Wasu gidajen, wato akwatunan da ake rubutu a cikinsu, suka nuna alamar kuskure ta #VALUE!, sai na cike su da hannu ba tare da na tsaya na tambayi kaina dalili ba. Duk wanda ya nuna 60 ko 35 na ware shi. Washegari na buga a shagon kwamfuta na bakin kasuwa, shafi tara, na kai wa shugaban sashe, ya sa hannu ya ce in kai ofishin odita.

A ofishin odita na zauna kan benci daga ƙarfe goma har aka kira azahar, saboda yana ganawa da mutanen baitulmali. Da na shiga bai ɗauki minti biyar ba yana duba takardar. Ya ɗora biro kan wani suna ya ce, "Malam, wannan matar an haife ta 20 ga Disamban 1965. Ranar 1 ga Janairun 2025 shekararta nawa?" Na yi shiru na lissafa, na ce 59. Ya ce, "To ka rubuta 60. Kuma ni ba shekara kaɗai nake so ba. Rana nake so, ranar da kowa zai tafi, don da ita ake tsayar da albashi, da ita ake lissafa giratuti." Bai yi min faɗa ba, amma ya faɗi abin da ya tsaya min a rai. Ya ce wanda aka bari ya zarce ranarsa, albashin da ya ci bayan ranar daga giratutinsa ake cirewa, wanda kuma aka sallama kafin ranarsa an tauye masa haƙƙi, kuma duka biyun a wuyan mai lissafi suke. Na karɓi takardata na fito jiki a sanyaye.

Na koma shagon kwamfuta na yi wa yaron da ke wurin bayani. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, a cire ranar farko daga ta ƙarshe a samu yawan kwanaki, sai a raba da 365. Ya yi min a kan naira 1,500, kuma gaskiya a ido ya fi nawa kyau, don har da ɗigo da 'yan lambobi a bayansa. A wurinsa na fara fahimtar wani abu da ya taimake ni daga baya: ashe Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda muke ganinsa, lamba ce yake ajiyewa. Ranar 1 ga Janairun 1900 ita ce 1, washegarinta 2, haka yake ƙirgawa har zuwa yau, shi ya sa 1 ga Janairun 2025 take 45658. Abin da muke gani a gidan riga ce kawai aka sa wa lambar. Wannan ne ya sa ake iya cire rana daga rana a samu kwanaki. Matsalar rabawa da 365 kuwa sai da na zauna da biro na gwada mutum ɗaya na gano ta. Duk shekara huɗu Fabrairu yana yin kwana 29, cikin shekara 60 kuwa irin waɗannan ranaku 15 ne. Wanda aka haifa 10 ga Yunin 1965, wannan lissafin zai ce ya cika 60 tun 26 ga Mayun 2025, wato kwana 15 kafin lokacinsa. Da na koma, yaron ya ce to a raba da 365.25. Wannan ya fi kusa, amma shi ma yana zamewa. Wanda ya fara aiki 10 ga Yunin 1988 ya cika shekara 35 cif ranar 10 ga Yunin 2023, kwanakin tsakani 12,783 ne, kuma idan ka raba su da 365.25 abin da za ka samu bai kai 35 ba, saura ƙiris. Ga wanda yake son ƙiyasi wannan ba komai ba ne. Ga takardar da za a tsayar wa mutum albashi da ita, ba a yarda da ƙiyasi.

Wata 'yar bautar ƙasa da aka turo sashen kuɗi ce ta fitar da ni daga wannan. Na same ta ranar Litinin, ta ce in jira ta gama takardun albashi, sai la'asar muka zauna. Ta rubuta wata rana a gidan H1, 31 ga Disamban 2024, sannan a gefen sunan farko ta rubuta =DATEDIF(B2,$H$1,"Y"). Nan take cikakkun shekaru suka fito, ba ɗigo ba rara. Na ce mata na sha duba jerin fomulolin Excel ban taɓa ganin wannan ba. Ta ce ba zan gani ba, don Excel ba ya kawo ta cikin jerin da yake nunawa idan mutum ya fara rubutu, sai dai ka rubuta ta da hannunka har ƙarshe. Tsohuwar fomula ce da aka gado daga wata manhaja mai suna Lotus 1-2-3, Microsoft ya bar ta don tsofaffin fayiloli su ci gaba da aiki, kuma tana nan a Google Sheets ma. Abu uku take nema a jere: ranar farko, ranar ƙarshe, sai harafin abin da kake son ta ƙirga. "Y" cikakkun shekaru, "M" cikakkun watanni, "D" kwanaki, "YM" kuma watannin da suka rage bayan an cire cikakkun shekaru. Idan kana son ka ce wane ya yi shekara 34 da wata 7, to "Y" a gida ɗaya, "YM" a na kusa da shi. Akwai "MD" ta sauran kwanaki, amma ta gargaɗe ni cewa shi kansa Microsoft ya rubuta cewa tana iya ba da amsar da ba daidai ba, don haka ban yi amfani da ita ba. Idan ka juya ranakun, ta ƙarshe ta riga ta farko, #NUM! za ka gani. Alamar dala da ta sa a $H$1 kuma ita ke riƙe gidan kada ya gusa idan aka ja fomular ƙasa.

Na tambaye ta me ya sa ba za mu sa TODAY() ba, tunda na san tana kawo ranar yau. Ta ce, "Yallaɓai, yau ɗin kullum canzawa take. Ka buga takarda yau, kwamiti ya buɗe fayil ɗin bayan mako biyu, wani ya riga ya ƙara shekara, sai a ce takardarka da kwamfutarka sun saɓa." Tun daga nan nake rubuta ranar lissafi a gida ɗaya a saman shafi, in buga ta a kan takardar kowa ya gani.

Saura ranar ritayar kanta, wadda odita ya nema. Ita ma gajeruwa ce. EDATE tana ɗaukar rana ta ƙara mata watanni. Shekara 60 wata 720 ne, shekara 35 wata 420. Sai muka yi =EDATE(B2,720) a gidan D2, =EDATE(C2,420) a gidan E2, na uku kuma =MIN(D2,E2), wato ya zaɓi wadda ta riga zuwa. Da amsar ta fito sai na ga lambobi irin su 45963, na ɗauka mun ɓata. Ta ce a'a, rigar ce ba a sa ba. Ta zaɓi layin, ta shiga Format Cells ta mayar da shi kwanan wata, lambobin suka koma ranaku. Wani abokina da ke hukumar ilimi ya tambaye ni daga baya yadda zai yi da malaman makaranta, tunda dokar da shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai nasu shekara 65 ko 40 na aiki. Lambobin kawai ake canzawa, 780 da 480, amma na ce ya fara tabbatar da abin da takardar jiharsa ta ce, don jihohi ba su fara aiki da dokar lokaci ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da kwamfutarsu ke kan Faransanci kuma, sunan EDATE a wurinsu MOIS.DECALER ne, kuma waƙafi mai ɗigo ake sawa tsakanin sassan fomula maimakon waƙafi zalla.

A nan na ɗauka na gama, ashe babban ramin yana gaba. Da muka ja fomulolin ƙasa, fiye da rabin gidajen #VALUE! suka nuna, waɗancan dai da na cike da hannu a daren farko. Ta ce in lura da layin B da kyau. Wasu ranakun sun jingina dama, wasu hagu. Na dama ranaku ne na gaske, na hagu kuwa Excel rubutu ya ɗauke su, kamar sunan mutum, shi ya sa ba ya iya lissafi da su. Muka duba muka ga duk na hagun suna farawa da lambar da ta wuce 12, kamar 25/03/1990. Dalilin shi ne kwamfutar ofishinmu tun da aka sayo ta tana kan tsarin Amurka, inda ake fara rubuta wata sannan rana, mu kuwa rana muke farawa da ita. Wanda na gada yana rubuta 25/03/1990, kwamfuta ta nemi wata na 25 ta rasa, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Gyaran waɗannan bai yi wuya ba. Aka zaɓi layin, aka shiga Data, aka danna Text to Columns, a mataki na uku aka zaɓi Date da DMY, duk suka koma dama. Muka gwada da =ISNUMBER(B2), kowanne ya ce TRUE. Magariba ta yi, na yi mata godiya, na tafi gida da murna. Ban tsaya na yi tunanin waɗanda tun farko suke dama ba.

Shugaban sashe ya ce kafin a mayar wa odita a liƙa jerin a allon sanarwa na kwana uku, duk mai ƙorafi ya zo. Allah ya saka masa da alheri kan wannan shawara. A rana ta biyu wani dattijo, direban motar ruwa, ya shigo ofishinmu riƙe da wata baƙar leda. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba a cirewa, ya gaishe ni, ya ce, "Ɗana, an karanta min allo an ce watan Fabrairu zan tafi. Ni kuwa da kaka aka ɗauke ni aiki, ana cikin yankan dawa. Ban yi boko ba, amma wannan ban manta ba." Ya kwance ledar, ya fito da takardar ɗaukarsa aiki, ta yi ja saboda tsufa, an manne tsakiyarta da salatif. An buga ta da tafireta: 2 ga Nuwamban 1990. Na duba fayil ɗina, ga 02/11/1990 a rubuce, daidai da takardarsa. Na duba ranar ritayar da na liƙa: 11 ga Fabrairun 2025. Sai da cikina ya ɗuri ruwa. Kwamfutar ta karanta 02 a matsayin wata, 11 a matsayin rana, ta karɓa ba tare da ta nuna wani kuskure ba, tana kuma nuna min shi yadda aka rubuta, ni ina karantawa irin tamu ita tana lissafawa irin ta Amurka. Tsakanin 11 ga Fabrairu da 2 ga Nuwamba wata takwas ne da kwana 22. Mutumin yana da 'ya'ya a makaranta. Na ce, "Baba, kai ne da gaskiya, kuskuren daga wurinmu ne, kuma yau zan gyara." Ya ce Allah ya yi min albarka, ya naɗe takardarsa ya fita. Na daɗe zaune ban taɓa komai ba, ina tunanin mutum nawa ne ba su zo ba saboda sun yarda duk abin da kwamfuta ta faɗa daidai ne.

Duk ranar da lambarta ba ta wuce 12 ba tana cikin wannan haɗari, sai irin su 05/05 da ba su canzawa ko an juya su. Kuma abin kaifi biyu ne da shi: wani an matso masa da ranar, wani an tura masa ita gaba, wanda hakan zai sa ya zarce a cire masa daga giratuti. Da na gaya wa 'yar bautar ƙasar, ta ce akwai fomular da ke musanya su, =DATE(YEAR(C2),DAY(C2),MONTH(C2)), amma ta ce kada in kuskura in ja ta a kan kowa, don fayil ɗin ya bi hannu da yawa da kwamfutoci da yawa, wasu ranakun an shigar da su daidai, juya su zai ɓata su. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Abin da muka yi shi ne muka fara shiga Control Panel, wurin Region, muka mayar da kwamfutar tsarin Ingilishin Birtaniya mai fara rana. Sannan muka sa wa layukan biyu rigar dd-mmm-yyyy, yadda wata zai fito da haruffa, 02-Nov-1990, ba mai sake ruɗewa. Bayan nan babu wata dabara sai komawa takarda.

Kwana shida na yi a rajista. Hajiyar da ke riƙe da wurin ba ta barin fayil ya fita sai da sa hannu, goma-goma take ba ni, in dawo da su ta ƙirga sannan ta ba ni wasu. Ɗakin ba taga, ƙurar fayiloli ga hazon hunturu, sai da na ɗaura hankici a hanci. Fotokwafin takardun da na ga suna da matsala ya ci min kusan naira 4,000 daga aljihuna, ba a kuma mayar min ba. A nan na ci karo da abubuwan da babu fomular da za ta gano su. Wasu an rubuta musu ranar ƙarin girma na ƙarshe a gurbin ranar ɗaukar aiki, alhali shekara 35 daga ɗaukar farko ake ƙirga ta. Wasu sun dawo daga wata ma'aikata, shekarunsu na can ba a haɗa ba. Wasu ranar haihuwa biyu ce a fayil ɗinsu, ɗaya a takardar rantsuwa ta kotu, ɗaya a takardar makaranta, wani ma ta uku a katin ɗan ƙasa. Da yawa cikin dattawan shekara kawai aka rubuta musu, ba rana ba wata. Waɗannan ban yanke hukunci a kansu ba, don ba hurumina ba ne. Na buɗe wani layi na rubuta abin da na gani da lambar shafin fayil, na sa musu launin rawaya. Da na kai wa jami'in fansho ya ce su abin da mutum ya rubuta ranar da aka fara ɗaukarsa aiki suke bi, sauran kuma kwamiti zai kira mai fayil ɗin ya ji ta bakinsa.

Da za a sake ba ni wannan aiki, ba da fomula zan fara ba. Zan fara duba tsarin kwanan watan kwamfutar, in sa wata ya fito da haruffa, in gwada kowane gida da ISNUMBER, in ɗauki fayil goma daga rajista in gwada su da abin da ke allo kafin in lissafa komai. #VALUE! ba abin da za a rufe da hannu ba ne, sanarwa ce cewa akwai matsala, kuma gidan da bai yi ƙara ba shi ya fi cancanta a zarge shi. Zan ajiye kwafin fayil ɗin asali ban taɓa shi ba, don ranar da na so in ga yadda wanda na gada ya rubuta wata rana na tarar na riga na goge ta. Zan lissafa mutum biyu ko uku da biro in gwada da amsar kwamfuta, musamman wanda ranarsa ta faɗo ƙarshen shekara ko 29 ga Fabrairu. Kuma zan nemi a liƙa jerin a allo ko ba a ce ba, a kuma sa wani ya karanta wa waɗanda ba su karatu, da sunan wata a baki, ba lamba ba.

Ranar Alhamis ta mako na uku na mayar wa odita. Wannan karon ya zaɓi suna bakwai, ya aika aka ɗauko fayilolinsu, ya gwada ɗaya bayan ɗaya da kalkuletarsa ina tsaye. Ya sa hannu, ya ce in bar masa kwafi a filash. Kwamiti ya zo ranar Litinin, suka kira masu launin rawaya mutum ashirin da uku, aka yi kwana biyu ana sauraronsu. Baba direba ba ya cikinsu. Na tura masa saƙo ta hannun masinja cewa ranarsa 2 ga Nuwamban 2025 ce, kuma ya shigo da takardar sanarwar ajiye aikinsa ta wata uku a farkon Agusta, ya taho da hoto da takardar nan tasa mai salatif don a yi mata fotokwafi a sa a fayil.